Jezebel ko Gone with the Wind: Wanne Ya Kamata Ka Fara Kallo?

Tsakanin watan Maris na 1938 da watan Disamba na 1939, Hollywood ta fitar da finafinai biyu da labarinsu ya yi kama kamar an tsaga kara. Kowanne a kan budurwa yake, 'yar masu hali a kudancin Amurka zamanin da ake bautar da baƙar fata, kyakkyawa, sangartacciya, wadda ba ta saba a ce mata a'a ba, ta kuma ƙwallafa ranta a kan namijin da ya auri wata. Na farko shi ne Jezebel, inda Bette Davis ta fito a matsayin Julie Marsden. Na biyu Gone with the Wind, inda Vivien Leigh ta fito a matsayin Scarlett O'Hara. Dukansu biyu sun ci kyautar Oscar ta gwarzuwar jaruma da waɗannan finafinai. Ba wadda za ka so ɗan'uwanka ya auro a cikinsu, amma muddin suna kan allo ba ka iya kau da kai.

Wanda yake son leƙa tsofaffin finafinan Amurka, lokacinsa ko datarsa kuma ba za su ɗauki duka biyun ba, ya kamata ya san abin da zai tarar a kowanne. Sai na faɗi yadda labaran suka ƙare, domin a can babban bambancinsu yake.

Abu na farko da za ka auna shi ne lokaci. Jezebel awa ɗaya ne da kusan minti 45, baƙi da fari ne, kamfanin Warner Bros. ya shirya shi, William Wyler ya ba da umarni, an ɗauko shi daga wani wasan dandamali na 1933. Gone with the Wind kuwa ya doshi awa huɗu idan aka haɗa da kiɗan buɗewa da hutun tsakiya, mai kala ne, furodusa David O. Selznick ya kashe masa kusan dala miliyan 4, kuɗin da ya zama abin magana a wancan zamani. Daga littafin Margaret Mitchell na 1936 aka ɗauko shi. Sunan Victor Fleming ne a kansa a matsayin darakta, amma George Cukor ya fara aikin aka sallame shi bayan 'yan makonni, Sam Wood kuma ya riƙe na ɗan lokaci. Wanda ya tashi da kallon tsofaffin finafinan Indiya masu awa uku da hutun rabin lokaci ba zai ga tsawon a matsayin baƙon abu ba. Duk da haka ba fim ba ne da za ka kunna bayan sallar isha'i kana da sammako.

Akwai hannayen da suka yi aiki a duka biyun. Max Steiner ne ya tsara kiɗansu, Ernest Haller kuma ya ɗauki hotonsu. Ana yawan cewa an ba Bette Davis Jezebel ne don a share mata hawayen rasa matsayin Scarlett, amma kwanakin ba su goyi bayan wannan magana ba: Jezebel ya riga ya fito tun Maris 1938, alhali sai a Janairun 1939 aka sanar cewa Vivien Leigh, 'yar Ingila da aka haifa a Darjeeling ta ƙasar Indiya, ita aka zaɓa. Abin da yake tabbas shi ne Warner sun fitar da nasu a daidai lokacin da duk Amurka ke ta hasashen wace ce za ta zama Scarlett, kasuwa kuma ta yi musu kyau.

Labarin Jezebel a birnin New Orleans yake, shekarar 1852. Julie marainiya ce mai gadon dukiya, tana hannun gwaggonta Belle. An sa mata rana da Preston Dillard, matashin ma'aikacin banki, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa. Tun ganinta na farko za ka san irin wadda kake tare da ita: an shirya liyafa dominta, baƙi sun cika gida suna jira, sai ga ta ta iso a makare bisa doki, ta ƙi sauya kayan hawa, ta sa bulala ta ɗage gefen doguwar rigarta ta shige tsakiyar manyan mata. Rigimar duka daga ƙaramin abu ta taso. Ta nemi Preston ya bar taron banki ya raka ta wajen tela, ya ƙi. Don ta rama, sai ta zaɓi jar riga ta je da ita babban bikin rawa na shekara, wanda al'ada ta ce duk budurwar da ba ta yi aure ba farar riga take sawa. Kowa ya roƙe ta, ta toshe kunne.

Wannan daren rawa shi ne zuciyar fim ɗin, kuma ko don shi kaɗai Jezebel ya cancanci kallo. Suna shiga zauren, hira ta mutu. Mata suna janye gefen rigunansu, maza suna kau da fuska. Julie da ta zo da gadara, cikin minti kaɗan ta gane ta yi wa kanta, ta fara raɗa wa Preston ya mayar da ita gida. Shi kuwa ya riƙe ta gam ya ja ta tsakiyar fili. Masu rawa suna ta zamewa biyu-biyu har aka bar su su kaɗai, makaɗa suka tsaya, ya ɗaga murya ya ce su ci gaba. Wyler ya ja kyamara baya ya nuna su ƙanana a tsakiyar falon da ya zama fayau, fararen riguna sun yi musu zobe. Fim ɗin baƙi da fari ne, ba za ka taɓa ganin jan launi da idonka ba, amma daga fuskokin mutane kaɗai za ka rantse ka gan shi. Da ya kai ta ƙofar gida ya yi mata sallamar rabuwa, ta wanke shi da mari, ta haye sama tana da yaƙinin gobe zai dawo yana ban-haƙuri. Bai dawo ba sai bayan shekara guda, kuma da matarsa Amy, 'yar jihohin arewacin ƙasar.

Wurin da Bette Davis ta fi burge ni shi ne ranar dawowar tasa. Julie ba ta san ya yi aure ba. Ta sa farar rigar da ta ƙi sawa a bara, ta durƙusa a gabansa har ƙasa tana neman gafara, rigar ta bazu kewaye da ita. Kafin ta rufe baki Amy ta shigo, ya gabatar da ita a matsayin matarsa. Davis ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Idanunta kawai suka tsaya, ta maimaita maganar a hankali, sannan ta miƙa hannu ta yi wa amarya maraba da murmushin da ke ba mutum tsoro. Daga nan ta shiga haɗa husuma. Ta zuga wani tsohon masoyinta, Buck Cantrell, gwanin harbi, ya tsokani Preston. Lissafi ya kuɓuce mata: ƙanen Preston ne ya ɗauki faɗan, aka fita fito-na-fito da bindiga, Buck ya mutu. A nan ne gwaggonta ta kwatanta ta da Jezebel, sarauniyar da Littafi Mai Tsarki na Kirista ya ambata da mugunta.

Gone with the Wind ya fara a 1861, a gonar auduga mai suna Tara a jihar Jojiya, ana gab da yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu. Scarlett tana son Ashley Wilkes, shi kuma zai auri Melanie Hamilton. Ta tare shi a ɗakin karatu ta furta masa, ya ƙi, ta mare shi, ta ɗauki kaskon fure ta maka da bango. Sai ga Rhett Butler, wato Clark Gable, ya ɗago daga bayan kujera, ashe duk ya ji. A ranar ta amince ta auri yayan Melanie don ta ƙona wa Ashley rai. Mijin ya mutu da ciwo a sansanin soja ba da jimawa ba, ita kuwa babban baƙin cikinta baƙaƙen kayan takaba da suka hana ta kwalliya. Tana cikin takabar ta fito ta yi rawa da Rhett a bainar jama'a a Atlanta.

In da a nan ta tsaya, da Scarlett da Julie duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Yaƙi ne ya raba su. A 1864 sojojin Arewa suka kewaye Atlanta. Akwai wurin da Scarlett ta je tashar jirgin ƙasa neman likita don Melanie na naƙuda, kyamara ta yi ta tashi sama tana nuna sojoji masu rauni kwance a ƙasa iya ganinka, ita kuma tana tsallake su. Likita ya ce ba zai iya barin su ba. Ta koma ta karɓi haihuwar matar da ta fi tsana a duniya da hannunta, ta ɗora ta da jaririn a keken doki, suka ratsa gari yana ci da wuta. Ta isa Tara ta tarar uwarta ta rasu, ubanta ya zautu, an kwashe komai, ba abinci. Ta fita gona ta tono wani saiwa ta ci, cikinta ya ƙi karɓa, ta miƙe ta rantse cewa ita da nata ba za su sake kwana da yunwa ba, ko da za ta yi ƙarya, ta yi sata, ta yi kisa. Nan aka tafi hutun tsakiya.

Kuma duk ta aikata. Ta harbe wani sojan da ya shigo gidan sata. Da aka ɗora wa Tara harajin dala 300, ta sauke koren labulen uwarta aka ɗinka mata riga, ta tafi wajen Rhett a kurkuku tana nuna kamar tana cikin daula, sai kantar tafin hannunta ta tona mata asiri. Da wannan dabara ta ƙi ci, ta yi wa Frank Kennedy, saurayin ƙanwarta, ƙaryar cewa ƙanwar ta samu wani, ta aure shi don kuɗin shagonsa. Ta buɗe injin yanka katako, ta ɗauko fursunoni haya suna mata aiki ana azabtar da su, tana sane.

A nan ne na ga Gone with the Wind ya fi ƙarfi. Muguntar Julie ta mai zaman banza ce: tana da kuɗi, tana da bayi, ba abin da ya dame ta sai a bi son ranta, kuma duk ɓarnar da ta yi ba wanda ya amfana. Ta Scarlett kuwa tana da tushe da za ka iya taɓawa. Ta ci amanar ƙanwarta, amma da kuɗin aka biya harajin gidan da ƙanwar take kwana a ciki. Mutanen kirkin da ke zaginta, har da Ashley mai yawan maganar mutunci, a hannunta suke ci. Fim ɗin bai wanke ta ba, bai kuma bar ka ka tsane ta cikin kwanciyar hankali ba, domin kana kallo kana tambayar kanka wa zai ciyar da gidan in ba ita ba. Wannan damuwa ba ka samunta a Jezebel. Julie abar kallo ce, Scarlett kuwa abar muhawara ce, irin wadda za a tashi daga kallo ana musu a kanta har dare ya raba.

Abin sha'awa, shi ma Gone with the Wind yana da tasa jar rigar. An ga Scarlett rungume da Ashley a wajen aikin katako, magana ta zaga gari, a daren kuma ake bikin ranar haihuwar Ashley a gidan Melanie. Scarlett ta kwanta ta ce ba ta da lafiya. Rhett, wanda a lokacin shi ne mijinta na uku, ya tashe ta, ya zaɓo mata riga ja mai ƙyalli, ya kai ta bakin ƙofa ya juya ya bar ta. Ta tsaya ita kaɗai, waƙa ta katse, kowa ya zuba mata ido. Ta ɗaga gira ɗaya, ta ƙi sunkuyar da kai. Sai Melanie ta ratso mutane ta sumbace ta, ta riƙe hannunta ta zaga da ita tana gabatar da ita ga baƙi. Idan ka jera wuraren biyu za ka ga halin kowane fim. A Jezebel jama'a sun yi nasara, yarinya ta karye a gaban idonka. A Gone with the Wind ba ta karye ba, abin da ya hukunta ta shi ne alherin matar da take son ƙwace wa miji. Wajen tsari da ɗaukar hoto, na Wyler ya fi. Wajen sanin zuciyar ɗan Adam, na biyun ya fi nisa.

Melanie ma wata riba ce da Jezebel ba shi da irinta. Olivia de Havilland ta fito da mace mai haƙuri wadda ba wawuya ba ce. Ranar da Scarlett ta harbe sojan nan, Melanie ta sauko daga gadon jego tana jan takobi, ita ce kuma ta ba da shawarar a lalube aljihunsa. Amy ta Jezebel kuwa ba a ba ta komai ba sai ladabi. Haka mazan: Henry Fonda ya yi ƙoƙari, amma Preston mutum ne mai sanyi da ɗaurin fuska, har ka rasa abin da Julie ta gani a jikinsa. Rhett kuwa shi ne mutum ɗaya da ya san Scarlett ciki da waje, yake kuma sonta a haka, duk haɗuwarsu tana da zafi. Raunin yana wajen Ashley. Leslie Howard ya haura shekara 45 lokacin da aka ɗauki fim ɗin, ya girmi matsayin sosai, kuma da wuya ka yarda cewa mace kamar Scarlett za ta ɓata shekaru tana bin wannan mutum.

Inda Jezebel ya yi fice shi ne ɗauri. Ba wurin da za ka cire labari bai girgiza ba. Gone with the Wind kuwa rabinsa na farko kamar guguwa yake, amma bayan auren Rhett sai ya koma jerin masifu ɗaya na bin ɗaya: faɗan miji da mata, ɓari, 'yarsu Bonnie ta faɗo daga kan doki ta mutu, Melanie ta kwanta ita ma ta cika, duk a cikin awa ta ƙarshe. Mai kallo yakan gaji kafin a kai.

Sai babban aibin da ba zai yiwu a tsallake ba. Lokacin da aka fara yaƙin basasa, kusan mutum miliyan 4 ne ke cikin bauta a Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka. Dukiyar Julie da ta Scarlett guminsu ce. Duka finafinan biyu sun nuna su a matsayin masu jin daɗin halin da suke ciki. A Jezebel akwai wurin da bayi suka taru a gaban gidan gona suna waƙa da tafi, Julie ta zauna cikin yaransu tana rera tare da su don ta ɓoye tashin hankalinta. Mutane ne, amma an mayar da su kayan ado. Wannan ya isa ya ɓata wa mutum rai, sai dai Jezebel bai tsaya yana yi wa zamanin kuka ba. Hasali ma yana nuna manyan Kudu a matsayin masu girman kai da ke kashe juna a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, suna kuma ƙin jin shawarar likita a kan tsabtace gari.

Gone with the Wind ya wuce nan nesa. Tun rubutun da ke buɗe fim ɗin ake jimamin wata kyakkyawar duniya ta iyayengiji da bayi da ta shuɗe. Ba bulala, ba kasuwar da ake raba uwa da ɗanta. Bayin kirki su ne waɗanda suka ƙi tafiya bayan an 'yanta su, waɗanda suka tafi kuwa an nuna su a matsayin 'yan zaman kashe wando da 'yan siyasar Arewa ke ruɗa. Akwai inda Ashley yake ƙyamar aikin fursunoni, Scarlett ta tuna masa cewa ai shi ma ya mallaki bayi, ya ce su ba haka suke yi musu ba, fim ɗin kuma ya bar maganar a haka kamar gaskiya ce. Harin dare da mazan suka kai don rama wa Scarlett bayan wasu sun far mata a hanya, wanda Frank ya mutu a cikinsa, a littafin aikin Ku Klux Klan ne, ƙungiyar fararen fata da ke yi wa baƙar fata ta'addanci. Selznick ya cire sunan ƙungiyar, amma ya bar harin a matsayin aikin mutunci. Sannan ga Prissy, yarinya baiwa da Butterfly McQueen ta fito a matsayinta, wadda aka mayar abar dariya, maƙaryaciya mai ƙaramar murya, har Scarlett ta mare ta. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya ba da labarin cewa yana yaro ya kalli fim ɗin a wani gari a jihar Michigan, shi kaɗai ne baƙi a silimar, da aka zo wurin Prissy ya ji kamar ya nutse don kunya.

Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin Mammy, baiwar da Scarlett ta girma a hannunta, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a watan Fabrairun 1940. Ta cancanta. Mammy ce kaɗai ke faɗa wa Scarlett gaskiya ido da ido, kuma wurin da take hawa bene da Melanie tana ba ta labarin halin da Rhett ya shiga bayan mutuwar Bonnie, tana magana tana kuka, yana cikin wurare mafi taɓa zuciya a fim ɗin. Amma matar nan ba ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ranar 15 ga Disamba 1939 ba saboda dokokin wariyar launin fata na Jojiya, a daren Oscar ɗin ma a wani teburi na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta. Mammy kanta ba a ba ta iyali ba, ba a ba ta wani buri ba sai hidimar gidan O'Hara.

Nauyin wannan aibi ya fi yawa a kan Gone with the Wind saboda yawan waɗanda suka kalle shi. Ya ci Oscar 8 cikin 13 da aka sa shi takara, ga wasu biyu na girmamawa, kuma idan aka yi lissafi da faɗuwar darajar kuɗi har yau ana ɗaukarsa fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi a tarihi. Miliyoyin mutane daga gare shi suka ɗauki hoton zamanin bauta. Shi ya sa a watan Yunin 2020 manhajar HBO Max ta sauke shi na ɗan lokaci, ta dawo da shi da gabatarwar Jacqueline Stewart, malamar jami'a masaniyar tarihin fim, tana bayanin abin da ya ɓoye. A ganina hakan ya fi a hana kallonsa, ya kuma fi a sake shi haka nan ba bayani.

Akwai kuma yadda duka biyun suka ɗauki dukan mace da tilasta mata. A Jezebel dattijon likita ya ba Preston shawarar ya yi wa Julie irin tarbiyyar mutanen da, wato sanda, har ya hau bene da sandar a hannu, ko da yake bai taɓa ta ba. A Gone with the Wind abin ya fi muni: Rhett ya bugu, ya yi wa Scarlett barazana, ya ɗauke ta da ƙarfi ya hau bene da ita tana turjewa, da safe aka nuna ta tana murmushi a gado. Wannan wuri ba shi da kariya. Ga wanda zai kalla da iyali, ya sani cewa babu tsiraici a ko ɗaya, domin dokar tace finafinai ta wancan zamani tana da tsauri, amma akwai sumba da shan giya a duka biyun, kuma Gone with the Wind yana da wannan wuri da kuma ɗakin da ake yanke wa soja ƙafa ba maganin kashe zafi.

Ƙarshen labaran shi zai raba gardama ga mutane da yawa. A Jezebel annobar zazzaɓin shawara ta ɓarke, irin wadda ta auku da gaske a New Orleans a 1853 ta kashe kusan mutum dubu 8. A lokacin ba a san sauro ne ke yaɗa ta ba, shi ya sa za ka ga ana harba igwa ana ƙona kwalta a tituna don a kori mugun iska. Preston ya kamu, doka kuma ta ce a kwashe masu ciwon zuwa wani tsibiri da ake ajiye kutare. Julie ta ratsa fadama da dare ta shiga gari, ta yi jinyarsa, sannan ta roƙi Amy ta bar ta ta bi shi tsibirin a madadinta, don ta wanke kanta. Amy ta yarda bayan Julie ta amsa da bakinta cewa matarsa yake so. Aka rufe da ita zaune a keken marasa lafiya, kansa a cinyarta. Hoton yana da kyau ƙwarai, amma tuban ya zo da gaggawa. Macen da jiya ta jawo mutuwar mutum ba ta girgiza ba, yau ta zama mai sadaukar da rai cikin minti goma sha biyar. Abin da ya ɗan ceci wurin shi ne yadda Davis ta taka shi: ka duba idonta da kyau, ba za ka iya rantsuwa cewa tuba ce zalla ba, domin ko ba komai ita ce ta tafi da mijin, matar aure kuma aka bar ta a tsaye a bakin ƙofa.

Gone with the Wind bai nemi wannan mafita ba. Sai da Melanie ta mutu Scarlett ta gane cewa Ashley bai taɓa zama abin da ta ɗauka ba, kuma Rhett take so. Ta ruga gida ta faɗa masa, ya ce ta makara, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ta yi kuka a kan matakala, sannan ta share hawaye ta fara shirin komawa Tara da tunanin yadda za ta dawo da shi. Ba ta tuba ba, ba ta sauya ba, an dai bar ta da halinta da gonarta. Wannan ya fi kama da mutane yadda muka san su.

Saboda haka ga yadda zan raba. In dare ɗaya kake da shi, ko ba ka taɓa zama ka kalli fim baƙi da fari ba kana son gwadawa, ko kuma sha'awarka ita ce ka ga yadda darakta da jaruma ke gina wuri ɗaya har ya kama ka, ɗauki Jezebel. Dalibin fim da mai sha'awar ba da umarni za su fi ƙaruwa da shi, musamman daren rawa da wurin farar riga, waɗanda suka cancanci a mayar da su baya a sake kallo. Fay Bainter ma, gwaggo Belle, ta ci Oscar da shi, kuma yawancin aikinta da ido ta yi shi, tana tsaye a gefe tana kallon yarinyar da ke hannunta tana lalacewa.

In kuwa tambayarka ita ce yaya mace mai son kai, maƙaryaciya, mai cin amana za ta riƙe zukatan masu kallo fiye da shekara 80, to Gone with the Wind ne ke da amsar, kuma in an ce ɗaya tak zan zaɓa, shi zan ɗauka duk da laifinsa ya fi girma. Sai dai kada ka kalle shi a matsayin tarihi, kada kuma ka bar yara su kalle shi ba wanda zai gaya musu abin da bauta take a zahiri. Ka raba shi dare biyu, ka tsaya daidai hutun tsakiya bayan rantsuwar yunwa. Ka nemi kwafin da ke da rubutun magana a ƙasan allo, domin Turancin Kudu da ake yi a duka finafinan biyu yana da wuyar kamawa, ballantana irin karyayyen Turancin da marubuta suka sa a bakin bayin. Wanda kuma ya san zuciyarsa ba za ta ɗauki awa huɗu ana yi wa zamanin bauta ado ba, ya tsaya a Jezebel.